Ranar da Na Fita Daga Layin Baba Iliya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina kuma roƙon Ya tsare alƙalamina daga abin da bakina ya saba, wato ƙarin gishiri. Ku 'ya'yana kun san halin ubanku. In na ce na aske kai dubu a wuni ɗaya, kun san yadda za ku rage. In na ce askata ta taɓa tsaga gashin girar sauro gida biyu, dariya kuke yi ku wuce. Amma abin da zan rubuta yanzu ban ƙara masa ko ƙwayar gero ba, don shi kansa ya fi ƙarfin ƙari. Na ɗauko shi ne saboda gorin da ake yi muku a gari, cewa ubanku Lawal Wanzam ya sayar da Baba Iliya a kan babur. Halima tun tana 'yar firamare ta shigo gida da kuka a kan maganar nan, ga shi yau tana ɗakin mijinta, maganar ba ta mutu ba. To ni dai har yanzu ina jiran a nuna min babur ɗin. Ku da kuka buɗi ido kuka ga kekena, wanda in na hau shi a nan ƙasar Sandamu mutanen Mai'adua ke jin kukansa su ce ga Lawal can ya fito, ku ne shaiduna. Na san an ce wanzami ba ya son jarfa, kuma na yarda, na tsokani mutane da yawa a rayuwata. Amma wannan ba tsokana ba ce, ƙarya ce, kuma gaskiyar ta fi ƙaryar ciwo.

Sai kun san wane ne Baba Iliya a wurina kafin ku gane nauyin abin. Manomi ne, mai rumbuna, ba mai sarauta ba, amma a garinmu in ya yi magana a zaure ba a sake ta. Kakana ne ya yi masa askin suna. Mahaifina ne ya riƙa yi masa aski shekaru masu yawa, kowace Juma'a da hantsi. Lokacin da mahaifina ya rasu ya bar min zabira, jakar kayan aski, ina saurayi, hannuna bai faɗa ba, mutanen gari kuma kowa ya riƙe kansa ya ce bai shirya mutuwa ba. Juma'ar farko bayan sadakar bakwai Baba Iliya ya aiko na je. Ya zauna a tabarma, ya cire hula, ya miƙo kai. Na yanke shi wuri uku. Ya tashi ya tafi masallaci, ana idar da salla ya cire hula a gaban jama'a yana shafa kai yana cewa askin ɗan Wanzam ne, hannun ubansa sak. Duk mai ido ya ga jinin, amma wa zai ƙaryata Baba Iliya? Daga ranar nan kawuna suka dawo min. Da na tashi neman mahaifiyarku Hajara, shi ya wuce gaba, shi ya karɓa min auren. Ke nan tuwon da kuka ci kuka girma da uwar da ta tuƙa shi, duk ta hannun tsohon nan suka biyo.

Mahaifina ya bar min magana guda wadda yake maimaitawa har na gaji da jin ta. Yakan ce wanzami ba shi da ɓangare, domin askarsa a wuyan kowa take hawa, mai gaba da abokin gabarsa duk ido suke rufewa su miƙa masa maƙogwaro. Na riƙe maganar nan shekara da shekaru. Zaɓuɓɓuka suka zo suka wuce, ina zuwa in dangwala abina in jefa a akwati, in wani ya tambaye ni wa na zaɓa sai in ce na zaɓi mai gashi, don shi ne abincina. Ana dariya, magana ta wuce.

Sai shekarar da aka tashi zaɓen kansiloli. A mazaɓarmu a lokacin jam'iyya ɗaya ce ke ci. In da za ta tsayar da bunsuru, bunsurun nan sai ya sha rantsuwa ya kama aiki. Saboda haka zaɓen gaskiya shi ne na fid da gwani, wanda ya samu tikiti ya gama. Mutum biyu suka fito. Na farko Sanusi, ɗan Baba Iliya, malamin firamare, wanda muka tashi tare da shi. Na biyu kawunku Hamisu, ƙanin mahaifiyarku ciki ɗaya, da ke sayar da taki a kasuwa. Da na ji labari ban damu ba, na ce akwati ba ya magana. Ashe ba akwati za a yi ba. Sanarwa ta zo daga sama cewa ƙato-bayan-ƙato za a yi: a kafa hoton kowane ɗan takara a fili, duk mai son sa ya je ya tsaya a bayan hoton, rana tsaka, gari na kallo, a ƙirga kawuna. Suka ce wai wannan shi ne adalci tsantsa, babu maguɗi, babu ɓoye-ɓoye. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, na rantse ba shi da suruki, ba shi da maƙwabci, kuma ba a taɓa yi masa alheri ba.

Daga ranar gidanmu ya canza. Hajara ba mai hayaniya ba ce, kun san ta, amma tana da hanyoyinta. Malmalar tuwona ta fara ramewa har ta koma kamar ƙwan zabo. Ruwan wankana da ake sirkawa ya koma kamar an ɗebo shi daga ƙasan randa da sanyin asuba. In na yi wasa ba ta dariya, ni kuwa mutumin da ba a yi wa dariya a gidansa ya zama maraya. Hamisu kullum yana zaurena, yana Yaya kaza Yaya kaza, shi da a da in ya zo ba ya komai sai tsokanata cewa na tsufa yayarsa ta fi ƙarfina. A ɗaya gefen kuma Baba Iliya bai taɓa ce min komai ba. Ina yi masa aski ranar Juma'a yana ba ni labarin damina da farashin awaki, ko sunan zaɓe bai ambata ba. Wannan shirun ya fi min duk surutun Hamisu nauyi, don na san bai roƙe ni ba ne saboda bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai buƙatar roƙo ba.

Na yi tunanin guduwa. Na ce ranar zan ɗauki zabira in tafi Dutsi in ce an kira ni kaciya. Hajara ta ce ba a kaciya da zafin bazara, kowa zai gane. Na ce to zan kwanta ciwo. Ta ce wanzamin da ke yi wa gari ƙaho in ya kwanta ranar zaɓe, gari zai zo duba shi da layi biyu. Daga ƙarshe na kawo dabarar da na ɗauka ta fi ta kowa. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar tana tsince shinkafa, na ce mata gidan nan ƙuri'a biyu gare shi, tata da tawa. Ita ta tsaya wa ɗan'uwanta, ni in tsaya wa ɗan Baba Iliya, kowane ɓangare ya samu kai ɗaya, babu wanda aka cuta.

"Malam, ni na yarda," in ji ta. "Amma ka san ba ni na haifi kaina ba. Akwai Inna."

Na ce Inna ai ba ta taɓa sa baki a harkata ba. Gaskiya kuwa na faɗa. Kakarku, Allah Ya ji ƙanta, shekara goma sha huɗu ina auren 'yarta a lokacin, ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba, ni ma ban taɓa kallon nata ba. In na je gaishe ta tun daga ƙofar gida nake cire takalmi, in durƙusa daga bakin ɗaki, ita tana ciki ta juya kai tana amsawa. In na hango ta a hanya sai in ratse ta lungu, ko da lungun zai ɓulla da ni Zinder. Sunana ba ta taɓa kamawa ba. Wannan kunyar ita na dogara da ita, na ce katanga ce tsakanina da ita. Ban san katangar nan ce za ta faɗo min a ka ba.

Ranar ta zo, Asabar ce, a filin makarantar firamare. Aka kafa sanduna biyu aka liƙa hotuna. Tun hantsi rana ta buɗe, irin wadda ke soya ƙwai a kan mai sanƙo. Maza suka ja layinsu, mata suka ja nasu a gefe, bayan kowane hoto. Ba sai an ƙirga ba, ido ya ba da labari. Layin Sanusi ya miƙe ya lanƙwasa ya zagaya bayan aji har wutsiyarsa ta kai gindin darbejiya. Na Hamisu kuwa, in ka cire abokan kasuwarsa da dangin uwa, sauran ba su cika tabarma biyu ba. Na je na shiga layin Sanusi kamar yadda muka shirya. Can sai ga Baba Iliya an riƙo shi, don a lokacin gwiwa ta fara ba shi wahala. Aka kawo masa kujera ya ƙi, ya ce wanda ke zaune ba a ƙirga shi a ƙato. Ya zo ya tsaya daidai bayana, ya miƙa wa wani sandarsa, ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗata.

"Ɗan Wanzam, yau kai ne sandata," ya ce. "Ka tsaya da kyau, kar ka yanke ni kamar ranar farko."

Muka yi dariya, na kusa da mu ma suka yi. Na shiga abin da na saba, ina tsokanar mutane, ina cewa in mai ƙirga ya zo kan Malam Audu mai shayi ya ƙirga shi biyu don kansa ya kai na mutum biyu, ni na san awonsa. Ina cikin haka na ji surutun fili yana raguwa daga gefe ɗaya, kamar yadda kasuwa ke yi in hadari ya taso. Na waiga. Kakarku ce ta fito daga layin matan da ke bayan hoton Hamisu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana ratsa tsakiyar fili a hankali. Na ɗauka ruwa za ta nema. Na ɗauka gida za ta. Har ta kusa ina ce wa raina ba wurina za ta zo ba, don abin da bai faru ba a shekara goma sha huɗu ba zai faru a gaban gari ba. Ta zo ta tsaya gabana, taku biyu tsakaninmu. Na zame takalmina ban ma san na yi ba, na tsaya a kan rairayi mai zafi. Ba ta kalle ni ba, ƙasa take kallo, muryarta kuma ba ta da ƙarfi, amma shirun da aka yi ya sa kowa ya ji.

"Baban su Halima, ban taɓa buɗe baki na roƙe ka komai ba. Yau na ajiye kunya na zo. Dubi layin ƙaninka."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta tsaya tana jira.

Ku da kuka yi boko kuna iya cewa sai in ba ta haƙuri. A ina? Da wane baki? Tsohuwar da ta haifi matarka ta tako rana, ta karya abin da ta riƙe tun ranar da aka kai 'yarta gidanka, ta tsaya gabanka mata da maza na kallo, in ka ce mata a'a ka tsinka ta ke nan har kabari, kuma 'yarta na can tsaye tana gani. A kafaɗata kuma ga hannun mutumin da ya tsaya min ranar da ba ni da kowa. Na jira ya ɗauke hannun. Allah Ya sani na jira. Da ya ɗauke da kansa, da na ce ya sallame ni. Bai ɗauke ba, sai ma na ji yatsunsa sun ƙara nauyi kaɗan. Ni ne na rusuna na zame daga ƙarƙashin hannun, kamar jakin da ya sulale daga mangala. Na ji ya yi taga-taga a bayana, na ji wani ya ce a riƙe Baba, ban waiga ba. Na bi bayan kakarku, takalmi a hannu, na ratsa filin nan da a ranar ya fi min nisan Daura zuwa Kano. Wasu samari biyar ko shida na majalisarmu suka biyo ni, don sun ɗauka wani sabon wasa na ƙirƙiro. Nan wani daga layin Sanusi ya ɗaga murya ya ce an saye Wanzam. Wani ya ce da me, aka ce da babur. Haihuwar babur ɗin ke nan, a filin firamare, ba uwa ba uba.

Mai ƙirga ya zo, wani matashi da aka turo daga birni, yana tafe yana taɓa kan kowa da biro kamar mai sayen tumaki. Ya taɓa nawa kan kamar na kowa. Ni sana'ata kai ce. Na san kan da ke da ilimi, na san wanda babu komai a ciki sai iska, na san wanda ya kwana yana tunanin gari da wanda aka tsinto a tasha aka ce ya zo ya tsaya. A wurin biron nan duk ɗaya ne. Bai tambayi me ya kawo ni layin ba, bai tambayi me na baro a wancan ba. Ɗaya, ya ce, ya wuce. Aka gama, Sanusi ya ci da tazarar da ko da na zo da duk kawunan da na taɓa askewa ba za su cike ta ba. Ke nan tsallakawata ba ta ƙara wa Hamisu komai ba, ba ta rage wa Sanusi komai ba. Ni kaɗai ta rage wa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara ce, mai rinjaye ya ci. Kwana huɗu bayan nan aka liƙa takarda a bangon sakatariya. Sunan da ke jiki ba Sanusi ba ne, ba Hamisu ba ne. Sunan wani ne ɗan wani babba, wanda rabonsa da garinmu tun da mahaifina ya yi masa kaciya. Ba shi da hoto a filin nan, ba shi da layi, ko kaza ba ta tsaya a bayansa ba. Muka tambaya, aka ce manya sun zauna sun yi maslaha don kar jam'iyya ta rabu. Jam'iyya kar ta rabu! Gari ya riga ya tsage kamar ƙwarya, amma jam'iyya ce abin tausayi. To in kun san a ɗaki za ku zauna ku rubuta suna, me ya sa kuka fito da tsofaffi rana? Me ya sa kuka sa mai ciwon gwiwa ya ƙi kujera? Me ya sa kuka sa tsohuwa ta zubar da kunyarta a rairayi? An tara mu ne kawai don a ɗauki hoto a ce jama'a sun zaɓa.

Na zaci Sanusi zai tayar da ƙura, har na fara tausayinsa. Aka kira su birni shi da Hamisu. Da suka dawo a mota ɗaya suka dawo, da hula iri ɗaya, kowanne an rataya masa sunan mai ba da shawara, ko da yake har suka sauka ban ji wanda ya nemi shawararsu ba. Sati bai zagayo ba suna yawo gida-gida tare suna tallan mutumin da ya ƙwace musu, suna cewa siyasa ba gaba ba ce. A wurinsu ba gaba ba ce. Amma matan unguwar Baba Iliya sun yi shekara biyu ba sa zuwa bikin dangin kakarku. Akwai 'yan'uwa biyu da gonarsu ke haɗe, suka daina yi wa juna gayya. Akwai baikon da aka warware. Masu takara suna cin kaji a faranti ɗaya, mu da muka tsaya musu a rana muna kauce wa juna a hanyar masallaci. Shi kuma kansilan, sau biyu na gan shi a duk zamansa, na biyun ma gilashin mota na gani.

Kai ɗana Abba, da ka dawo daga makaranta ka taɓa ce min wannan laifin layi ne, ba laifin dimokuraɗiyya ba, wai da akwati aka yi da ban shiga uku ba. Na yi shiru ranar don bakina da tuwo. Ga amsarka yanzu. Akwatin da kake yabo, wa ke zuba sunayen da za ka tarar a takarda in ka shiga? Ba masu maslahar nan ba ne? Ranar babban zaɓe a akwati muka jefa, a asirce, cikin mutunci, kuma sunan ɗan babban nan muka tarar yana jiranmu. An ba ka zaɓi tsakanin abin da aka riga aka zaɓa maka, sa'an nan in abu ya lalace a ce ai ku kuka zaɓa. Kuma ko an yi gaskiya tsantsa, tsarin nan ba ya tafiya sai an raba mutane gida biyu an kayar da ɗaya. Inda ba a san juna ba, wataƙila a kayar da kai ka karkaɗe riga ka wuce. A garin da kowa surukin kowa ne, wanda ka kayar gobe shi zai ɗauki makararka. Kar ka ce ubanka na kiran soja, ban kira ba, na ga nasu, bulalarsu ba ta san wanzami ba. Ina dai cewa ne abin da aka ce mana mulkin jama'a ne, ni jama'a na gani a rana, mulkin kuma na gan shi a inuwa.

Juma'ar da ta biyo bayan layi na ɗauki zabira na tafi zauren Baba Iliya kamar kullum. Na yi sallama ya amsa, ya tambayi iyali, ya tambayi Halima. Na fara warware zabira, sai ya shafa kansa ta saman hula ya ce gashin bai taru ba, in bari sai wani satin. Wani satin na koma, ya ce mura yake yi, ba ya son ruwa a ka. Sati na uku na tarar da shi zaune ba hula, kan nan an aske shi tas. Na tsaya ina kallo. Ko daga bakin ƙofa na san ba hannun gidanmu ba ne, an bar gashi a bayan kunne, an yi wa ƙeya gyara a karkace kamar kuyyar ragon manomi. Daga baya na ji wani wanzami aka ɗauko daga Dutsi. Na ajiye zabira a ƙasa na durƙusa. Na ce Baba na yi laifi, a yafe min. Na fara ba shi labarin yadda muka shirya da Hajara, da yadda ban san tsohuwa za ta fito ba. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Lawal, ban riƙe ka ba," ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana tun ina yaro. "Surukarka ce. Ni na je na karɓo maka 'yarta, na san nauyinta a kanka. Da ka kunyata ta a filin nan, da ni zan fara yi maka faɗa."

Na ji sanyi ya fara sauka a raina, har na kai hannu ga zabira. Sai ya ci gaba.

"Amma ka san aski. Mutum ido yake rufewa ya miƙa wuya. Ni kuwa yanzu in na rufe ido, bayanka nake gani kana tafiya. Na gwada, abin ya ƙi. Ka yi haƙuri da ni."

Shi ke ba ni haƙuri. Da zagina ya yi, da ya sa an kore ni daga zauren, da na samu abin riƙewa in ce shi ma ya yi nasa. Na ɗauki zabirata na fito. A ƙofar gida na ci karo da Sanusi yana fitowa daga mota da sabuwar hularsa, ya dafa ni yana dariya ya ce, Wanzam, kar ka sa komai a ranka, siyasa ce, ta wuce. Na zame na wuce, don abin da ya zo bakina ba na rubutawa ba ne.

Mahaifiyarku ta je ta durƙusa wa Baba Iliya ita ma, ba da sanina ba, ya sa mata albarka ya ba ta goro. Kakarku har ta rasu ba ta sake yi min magana kai tsaye ba, amma Hajara ta ce min ta sha cewa da ta san takarda za a liƙa, da ba ta taka filin nan ba. Baba Iliya ya yi shekara uku bayan nan. Muna gaisawa, ina zuwa duba shi, in na yi wasa yana murmushi. A al'adarmu gidan da kake yi wa aski, in kaka ta yi, suna aiko maka da damin gero. Kowace kaka a shekarun nan uku sai ga dami daga gidansa an jingine min a ƙofa, mafi girma a cikin duk wanda nake samu, ladan aikin da ban yi ba. Na farko na ce a mayar, Hajara ta ce in na mayar na sake zamewa ke nan. Muka karɓa, kuka ci tuwonsa. Har aka kai shi makwancinsa, ina cikin masu ɗaukar makara, hannuna bai sake taɓa kansa ba.